Mai sikanin tafi-da-gidanka ya ce ba ciki, sai ga ɓari: in ci gaba da kiransa?

Tambaya: Salamu alaikum Dokta. Ina da ƙaramin asibitin dabbobi, ba mu da na'urar sikanin tamu, sai wani da ke yawo da tasa a jaka asibiti-asibiti, mukan tara masa dabbobi ya zo ya duba. Kwanan baya ya duba awakin wani mai kiwo ya ce guda biyar ba ciki, muka yi musu allurar furostagilandin don su nemi barbara, kafin kwana uku sai ga uku sun yi ɓari. Yanzu mai awakin ni yake zargi, ko barcin kirki ba na yi. In daina kiran masu wannan aikin ne, ko in ci bashi in sayi tawa? Kuma ya zan gane wanda ya iya?

Amsa: Wa alaikumus salam abokin aiki, Allah ya mayar wa mai awakin da alheri, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Kar ka ci bashi tukuna, kuma kar ka daina kiran masu yawo da na'ura. Tsarin ba shi da laifi, asibitin da bai fi ya buƙaci sikanin sau biyu ko uku a sati ba, na'ura zaman banza za ta yi a kabad, kai ma hannunka ba zai faɗa ba don ba ka samun dabbobin da za ka koya a kansu. Wanda kullum aikinsa ke nan ya fi ka ido, in dai da gaske ya koya.

Matsalar tana nan ne, kuma kusan kullum sai na ci karo da ita: mutane sun ɗauka na'ura ce ke magana. "Ai sikanin ya nuna." Wallahi sikanin bai taɓa cewa komai ba, baƙi da fari da toka-toka kawai yake fitarwa a allo, mutum ne ke fassarawa, kuma mutum yana kuskure. Abu mafi haɗari shi ne kalmar "ba ciki". Wanda ya ce akwai ciki dole ya nuna maka abu, ga ɗan tayi, ga zuciya tana harbawa. Wanda ya ce babu kuwa, abin da ya faɗa kawai shi ne bai gani ba, kuma hanyoyin da mutum zai ƙi gani sun fi a ƙirga. A akuya in ta fatar ciki ake dubawa, kafin kwana 30 zuwa 35 da barbara ba abin dogaro ba ne, to wa ya san ranar barbara a garken da bunsuru ke kwana da awaki dare da rana? Akuya mai cikin kwana 18 za ta fito fes a allo kamar ba komai. Ga tumbi a gefen hagu cike da iska yana tare hoto, shi ya sa ake ɗora kan na'urar, wato ɓangaren da ake dannawa a jikin dabba, ta gefen dama, can matse-matsi kusa da hantsa inda ba gashi. Ga jel da ake yi wa rowa, ga akuya tana tsalle, ga rana tana haske allo mutum yana ƙyafta ido. In cikin ya tsufa kuma mahaifa ta yi nauyi ta gangara gaba, wanda ya tsaya wuri ɗaya bai matsa ba zai iya wuce ta.

Kuma kai ka sani akuya ba tunkiya ba ce. Tunkiya bayan kamar kwana 50 mabiyiya na karɓar aikin riƙe ciki, saniya ma bayan wata biyar allurar ba ta cika zubar da shi ba, amma akuya si-el, wato ɗan ƙullin da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwai yana samar da sinadarin riƙe ciki, shi ne ke riƙe mata ciki tun daga farko har kwana 150 ɗin nan, duk ranar da ka sa mata furostagilandin ka rushe si-el ɗin, cikin ya zube. To a nan gaskiya ba zan wanke ka duka ba ɗan'uwa, mai na'ura ya faɗi nasa amma sirinji a hannunka yake. Ƙa'idata ita ce "ba ciki" guda ɗaya ba ta ba ni izinin allura. A raba su da bunsuru, a jira kwana 35, a sake dubawa, in har yanzu mahaifa wayam to bismilla. Mai dabba zai yi mita ya ce ana ɓata masa lokaci, ya yi, mitar ta fi sauƙi a kan 'ya'yan awaki a ƙasa.

Ɗaya gefen ma haka ne, wato a ce akwai ciki alhali babu, duk wanda ya ga baƙin ruwa a allo sai ya yi ihun ciki. Mafitsara ma baƙa ce. Na ga wanda ya dafa mafitsarar tunkiya yana taya mai ita murna. Akuya na yin cikin ƙarya, mahaifa ta cika da ruwa tsababa ba ɗan tayi ba ƙulle-ƙullen mabiyiya, waɗannan masu kama da harafin C da ke fitowa daga wajen kwana 40, mai ita ya yi ta ciyar da ita wata biyar yana jira. Wannan asara ce kawai. Ta karya, wato macen kare, ita ce ke kisa: makonni kaɗan bayan ta gama neman barbara ciki ya kumbura, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba ta cin abinci, wani ya ɗora na'ura ya ga ruwa a mahaifa ya ce a je a jira haihuwa, alhali mugunya ce ta cika ta, aikin tiyata take buƙata a ranar. A karya daga wajen kwana 25 ana ganin bugun zuciya, in bai nuna maka shi ba bai nuna maka ciki ba. Kuma duk wanda ya ce maka 'yan kwikwiyo bakwai ne daidai ta sikanin, cika baki yake, ƙirga aikin hoton ƙashi ne bayan kwana 45 in ƙasusuwa sun yi ƙwari.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yanzu na'urar ta yi araha ta yi ƙanƙanta, akwai wadda da waya ake haɗa ta, sai mutum ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya buga kati ya zama gwani. Ba ya tambayar tarihin dabba, ba ya taɓa ta da hannu, minti ɗaya ya yanke hukunci ya miƙa hannu a sallame shi. Mu kuma likitoci mu tsaya a bayansa muna gyaɗa kai don kunyar a ce ba mu gane hoton ba.

Yadda za ka gane na kirki ba wuya. Buɗe jakarsa ka ga kawunan na'ura nawa ne, don na duburar saniya da goɗiya daban, miƙaƙƙe mai megahaz (ma'aunin sautin da kan ke aikawa cikin jiki) 5 zuwa 7.5, na fatar cikin akuya da tunkiya mai lanƙwasa ne wajen 3.5 zuwa 5, kare da kyanwa na son ƙarami mai shiga tsakanin haƙarƙari, zuciya ma da nata. Mai kai ɗaya da ya ce yana yin komai, ka rage masa aiki zuwa abin da kan nan zai iya. Na kirki shi zai fara tambayarka yaushe aka yi barbara, ya ce a hana kare abinci awa 8 zuwa 12 kafin duba ciki, a aske gashi, kar a bari ya yi fitsari dab da zuwansa. Zai ajiye maka hoto da guntun bidiyo da lambar kowace dabba, ya rubuta abin da ya gani, kuma bakinsa ba ya nauyin cewa "wannan ban tabbata ba, a sake nan da sati uku". Ka jarraba shi ma in kana so, ka sa masa akuyar da ka san ranar barbararta cikin layi ka yi shiru.

Sai tsafta, wadda ba mai maganarta. Mutumin nan daga garke zuwa garke yake, kan na'urar da ya fito daga saniya mai bakkale, cutar nan mai sa dabba ɓari, shi zai shiga ta gaba in ba a sa masa sabuwar safar leda an goge ba, kuma bakkale har mutum yana kamawa. Takalminsa ma ka duba, musamman in daga wajen 'yan kwikwiyo masu gudawar jini ya fito.

Game da mai awakin, ka same shi ka faɗa masa yadda abin ya faru ba kwana-kwana, ka duba ukun nan ko mabiyiya ta fita duka, ka auna zafin jikinsu na 'yan kwanaki. Sauran biyun kuma ka lura ko sun nemi barbara. Shi kuma mai na'urar ka ce ya turo maka hotunan ranar, in ya ce bai ajiye ba to kar ka ƙara tara masa dabba.