Ku Tambaya Mu Amsa: Wai waye ke da hanya a filin besbol?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni a Houston nake zaune, yarona yana buga besbol a ƙungiyar yaran unguwa. Ran Asabar yana gudu daga tasha ta farko zuwa ta biyu sai suka yi karo da yaron da ya sunkuya zai tare ƙwallon da aka bugo, wallahi ba da gangan ba, amma alƙali ya ce ya fita. Can anjima wani yaron ya yi karo da mai tsaro kusan iri ɗaya, shi kuma aka ba shi tasha kyauta. Wai son kai ne ko doka ce haka? Daga wata uwa a Amurka.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Toh, in dai yadda kika faɗa ne, alƙalin nan bai zalunci ɗanki ba, ki yi haƙuri. Dokar ba ta tambayar wa ya yi niyya, abin da take tambaya shi ne wa ke da hanya a wannan daƙiƙar, kuma hanyar tana bin ƙwallo ne. Muddin an bugo ƙwallo mai tsaro na ƙoƙarin tare ta, hanya tasa ce, ko da a tsakiyar layin gudu yake tsaye, mai gudu ne zai kewaye shi. In ya taɓa shi ya hana shi aikinsa an fitar da shi, wasa ya tsaya, sauran masu gudu kowa ya koma tashar da ya baro sai wanda dole ta tura gaba. In ma alƙali ya ga da gangan ya yi don kar a fitar da mutum biyu a bugu ɗaya, to har wanda ya buga ƙwallon sai a haɗa da shi.

Amma da zarar ƙwallo ta wuce mai tsaron, ko kuma dama ba ta hannunsa kuma ba ita yake tarewa ba, shi kenan, hanya ta koma ta mai gudu. Ina kyautata zaton abin da ya faru da yaro na biyu kenan. Kamar shataletale ne, wanda ke da hanya yanzu anjima shi ne zai tsaya.

Ki duba abin da ya faru a wasa na uku na World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol na Amurka, ta 2013, Boston da St. Louis, zagaye na tara ana 4-4. An jefa ƙwallo tasha ta uku jifan ya kauce, Will Middlebrooks na Boston ya yi sufa bai cafke ba ya faɗi rub da ciki, Allen Craig na St. Louis ya tashi zai ruga gida, wato tashar ƙarshe da ake cin maki, ya harɗe da ƙafafunsa ya yi tuntuɓe. Ƙwallo ta riga shi isa gida kuma an taɓa shi da ita, amma tuni alƙali Jim Joyce ya nuna an tare masa hanya, aka ba shi maki, wasa ya tashi 5-4. Mutanen Boston suka yi ta cewa to ina zai shiga, mutum yana kwance ai ba zai ɓace ba. Gaskiya ne, amma doka ba ruwanta, ƙwallo ta wuce shi, kwanciyar nan ta zama laifi. A irin wannan ba a tsayar da wasa nan take, ana bari a gama sannan alƙali ya auna inda mai gudun zai kai da ba a tare shi ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga bidiyon da aka fitar da Trea Turner a 2019 alhali miƙewa ya yi sak zuwa tasha ta farko, ƙwallon ma a bayansa ta same shi. Meye laifinsa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa wannan ta tada ƙura sosai, wasa na shida ne na World Series tsakanin Washington da Houston. Tsakanin gida da tasha ta farko ƙafa 90 ne, to a rabin ƙarshe, ƙafa 45, akwai wani ɗan siririn titi mai faɗin ƙafa uku da ake zanawa ta wajen layi. A dokar lokacin, in ka bar titin nan kuma ka hana mai karɓar ƙwallo a tasha ta farko karɓa, ka fita, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. Turner na Washington ta cikin fili ya bi, jifan Brad Peacock na Houston ya ɗan kauce, Turner ya buge safar hannun Yuli Gurriel mai tsaron tasha ta farko ta faɗi, alƙali Sam Holbrook ya ce ya fita. Kocin Washington Dave Martinez ya yi ta bala'i har aka kore shi.

A takarda alƙalin ya yi daidai, amma ni dai a ganina dokar ce ke da matsala, don tashar kanta a cikin fili take, titin kuma a waje, mai bugu da dama kuwa daga can ɗaya gefen yake tasowa, kenan sai ya yi kwana kafin ya taka. Kuma hukunci ne na ganin idon alƙali, ba a sauya shi da bidiyo. A 2024 hukumar MLB mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka ta faɗaɗa titin ya haɗa da ƙasar da ke tsakanin layi da ciyawar cikin fili. Af, Washington ɗin dai su suka ci wasan 7-2.

TAMBAYA: An yarda mai gudu ya ture ƙwallo daga hannun mai tsaro?

AMSA: A'a. Alex Rodriguez na New York Yankees ya gwada a 2004, ya mari safar Bronson Arroyo na Boston ƙwallo ta yi can, abokin wasansa Derek Jeter har ya kai gida, alƙalai suka haɗa kai suka fitar da Rodriguez suka mayar da Jeter tasha ta farko. Haka ma shiga da ƙafa, tun da Chase Utley ya karya ƙafar Ruben Tejada a 2015 aka tsaurara a 2016, dole ka fara zamewa kafin ka isa tasha, ka iya kai hannu ko ƙafa gare ta, ka yi ƙoƙarin tsayawa a kanta, kuma kar ka sauya hanya don ka auka wa mutum. Ita wannan kam ana duba ta a bidiyo.