Tambaya da Amsa: Ramin Intanet na Kwamfutata Ya Daina Aiki, Shin Sai Na Sauya Madabod?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma kwamfutoci uku ne a shagon, dukansu na kan tebur, suna samun intanet ta waya daga rauta guda, wato na'urar da ke raba musu intanet. A makon jiya an yi ruwa mai ƙarfi da tsawa cikin dare, aka ɗauke wuta. Da gari ya waye na kunna su, biyu suka hau intanet lafiya lau, ta ukun kuwa ta ƙi, tana cewa an cire mata waya alhali wayar tana nan a soke. Windows 10 ce a kanta. Wani mai gyara ya ce sai an sauya madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ɗungurungum domin ramin intanet a jikinsa yake, wani kuma ya ce a goge komai a sake zuba Windows. Takardun jama'a na ciki da yawa, kuɗin madabod kuma ba kaɗan ba ne. Don Allah ina mafita?
Mai shagon buga takardu, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Shawarata ta farko ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, musamman ta goge kwamfuta, domin garin neman gira ana iya rasa ido, a yi asarar takardun mutane kuma ramin ya ci gaba da zama yadda yake. Ko da bincike ya tabbatar da cewa tsawa ta kashe ramin, hakan bai wajabta sauya madabod ba, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Saƙon da kwamfutar take ba ka yana da muhimmanci fiye da yadda masu gyaran suka ɗauke shi. Abin da muke kira ramin intanet ba rami ba ne kawai: a bayansa akwai wani ɗan ƙaramin guntu da aka liƙa a jikin madabod, galibi na kamfanin Realtek ko Intel, shi ne ke karɓar saƙo daga waya ya miƙa wa kwamfuta, a tsakaninsu kuma akwai 'yan ƙananan taransifoma da ke raba wutar waya da ta kwamfuta. Idan Windows ta ce an cire waya, to, alama ce cewa tana ganin wannan guntun, har tana magana da shi, shi ne ma ya gaya mata cewa bai ji motsin kowa a ɗaya ɓangaren ba. Saboda haka zargi ya fi karkata ga waya, ko ramin rauta, ko bakin ramin kwamfutar, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da sake zuba Windows zai gyara.

Ka yi sa'a da kake da wasu kwamfutoci biyu masu aiki, domin su ne kayan gwajinka, ba sai ka sayi komai ba. Ka zare wayar da ke jikin ɗaya daga cikin masu lafiyar, ka bar ɗaya bakin nata a ramin rautar da take ciki, ka soka ta a jikin marar lafiyar har sai ka ji ta yi ƙas. Sannan ka sunkuya ka dubi bayan kwamfutar. A yawancin kwamfutoci akwai 'yan fitilu biyu a gefen ramin, ɗaya takan tsaya a kunne idan an samu haɗuwa, ɗayar kuma takan riƙa ƙiftawa idan saƙo na wucewa. Idan suka kama, to kwamfutarka kalau take, matsalar tana ga tsohuwar wayar ko ramin rautar da take soke a ciki, kuma ba baƙon abu ba ne tsawa ta kashe rami ɗaya a jikin rauta ta bar sauran suna aiki. Sai ka raba gardama tsakanin su biyun ta hanyar mayar da tsohuwar wayar cikin wani ramin na daban. Yayin da kake wannan, ka haska fitilar wayarka cikin ramin kwamfutar ka ƙirga 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare, su takwas ne a jere, ka tabbatar babu wanda ya lanƙwashe ko ya yi baƙi, kuma ƙurar hunturu ba ta daskare a kansu ba. Ka kuma duba ɗan harshen robar da ke riƙe kan wayar, domin idan ya karye wayar takan yi kamar ta shiga alhali ta ɗan zame.

Idan fitilun ba su kama ba da waya mai kyau, mataki na gaba shi ne wanda na fi so kowa ya sani, domin ba ya cin ko sisi kuma yana yawan yin aiki bayan ɗaukewar wuta ba zato. Kashe kwamfutar tebur ba ya raba ta da wuta gaba ɗaya. Muddin wayar wuta na jikin soket, akwai wata 'yar wuta mai bolt 5 da ke ci gaba da gudana a madabod, tana ciyar da guntun intanet domin a iya tayar da kwamfuta daga nesa. Wannan ne ya sa idan guntun ya rikice sakamakon wutar da ta yi sama da ƙasa, yakan zauna cikin rikicewarsa ko sau nawa ka kashe ka kunna. Abin yi shi ne ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bayanta, ka zare ta intanet ma, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar ta zube, ka bar ta na 'yan mintuna, sannan ka mayar da komai. Na taɓa ganin wata kwamfuta a wani ofis da aka riga aka ɗaure ta da igiya a bayan babur za a kai ta wurin gyara, da aka sauke ta aka sake jona ta sai ga fitilar ramin ta kama, ba don komai ba sai don zaman da ta yi babu wuta a jikinta. A nan ya kamata in ƙara da cewa tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke sa Shut down ba ya rufe komai da komai, don haka a duk gwajin da ke buƙatar sake tayar da kwamfutar ka riƙa zaɓar Restart.

Daga nan sai ka shiga cikin Windows. Ka danna dama, wato maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse), a kan maɓallin Start, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters, ka nemi layin da ke ɗauke da sunan Realtek ko Intel tare da kalmar Ethernet ko GbE. Idan akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa a kansa, an kashe shi ne, sai ka danna dama ka zaɓi Enable device. Idan alama ce ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, ka buɗe ka karanta lambar kuskuren: Code 28 na nufin babu direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, Code 10 kuma na nufin ya kasa tashi. A irin wannan hali ka zaɓi Uninstall device, ka sake tayar da kwamfutar domin Windows ta gano shi da kanta, idan kuma hakan bai wadatar ba ka sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ta amfani da ɗaya daga cikin masu lafiyar, ka ɗauko a filas. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta dukan direbobi da dannawa ɗaya, domin da yawansu tarkacen da suke jibgewa a kwamfuta ya fi amfaninsu.

Idan kuwa sunan ya ɓace baki ɗaya daga jerin, sai a leƙa BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da zarar ka kunna kwamfutar ka riƙa danna F2 ko Delete, a kwamfutocin HP kuma F10, ka nemi inda aka rubuta Onboard LAN ko Integrated NIC, ka tabbatar yana kan Enabled. Ka dubi kwanan wata da agogo tun kana ciki. Idan sun koma wata shekara ta can baya, ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya mutu, kuma mutuwarsa kan sa saitin ya koma wani abin da ba kai ka zaɓa ba. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Akwai wata dabara da ta cancanci gwaji kafin a yanke ƙauna. Wayar intanet na ɗauke da silli takwas da aka murɗa bibbiyu. Gudun gigabit ɗaya yana buƙatar dukansu, amma gudun megabit 100 silli huɗu kawai yake amfani da su. Saboda haka idan lahanin ya taɓa wani ɓangare ne kaɗai, wani lokaci ramin kan farfaɗo idan aka rage masa gudu. A cikin Device Manager ka buɗe Properties na guntun, ka shiga Advanced, ka nemi Speed & Duplex, ka sauya shi daga Auto Negotiation zuwa 100 Mbps Full Duplex. Ga aikin rajista da buga takardu, wannan gudun ya isa har ya yi saura. Idan bai yi ba, ka mayar da shi yadda ka same shi.

Shi kuma mai gyaran da ke zargin Windows, akwai hanyar gwada maganarsa ba tare da an taɓa takarda ko ɗaya ba: a zuba Ubuntu, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filas, a tayar da kwamfutar daga filas ɗin a zaɓi gwadawa kawai ba girkawa ba. Idan intanet ta zo a can, laifin Windows ne, kuma ko a nan ma Network reset da ke cikin Settings shi ne abin farawa da shi. Idan a can ma shiru ne, to ramin ya tafi.

A gaskiya, bisa yadda ka kwatanta daren, ba zan yi mamaki ba idan a nan binciken ya ƙare. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya yi damina a garin ya san irin tsawarsa. Ba sai aradu ta faɗo a kan shago ba, faɗuwarta a kusa ma kan cusa wuta mai ƙarfi cikin dogayen wayoyi, kuma wayar intanet hanya ce da sitabilaiza ba ta tsare ta, tunda ita wayar wuta kaɗai take gadi. To amma mutuwar ramin ba mutuwar madabod ba ce. Idan kwamfutar na tashi lafiya, ramukan USB na aiki, sauti na fita, sai ka sayi ɗayan abu biyu. Na farko ɗan adafta ne mai kan USB a gefe ɗaya da ramin intanet a ɗaya gefen, wanda ake samu a shagunan kayan kwamfuta da ke kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello. Idan za ka saya ka nemi na USB 3.0, ka soka shi a rami mai launin shuɗi. Na biyu katin intanet ne da ake dasawa a cikin kwamfutar a wani gurbi na jikin madabod mai suna PCIe, kuma shi na fi zaɓa maka, domin a shago mai shige da fice abin da ke reto a bayan kwamfuta bai cika daɗewa ba. Idan akwatin kwamfutarka siriri ne irin na ofis, ka gaya wa mai sayarwa ya ba ka mai gajeren ƙarfe. Bayan ka dasa, ka koma BIOS ka kashe tsohon ramin. Ka kuma sani cewa sabon katin zai zo da lambar shaidarsa ta daban, wadda ake kira adireshin MAC, don haka idan an ware wa wannan kwamfutar adireshi na musamman a rauta saboda firinta, sai an sake saitawa. Daga yanzu har ƙarshen damina, idan za ka rufe shago ka zare wayar wuta da ta intanet duka biyun, ta rautar ma haka.

TAMBAYA: Malam, ni tawa fitilun bayan suna kamawa har suna ƙiftawa, amma kwamfutar tana cewa babu intanet. Wani ya sa na rubuta ipconfig, sai na ga lamba mai farawa da 169.254. Me wannan ke nufi?
Wata ma'aikaciya, Bukuru

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki, ramin kwamfutarki lafiyarsa ƙalau bisa dukan alamu. Duk na'urar da ta shiga rauta takan nemi a ba ta adireshi, wanda a gidaje da ƙananan ofisoshi yawanci yakan fara da 192.168, idan kuma ta jira ba a ba ta ba, sai Windows ta laƙaba wa kanta wani mai farawa da 169.254, wanda ba ya kai ta intanet. Ki kashe rautar na minti ɗaya ki kunna, ki tabbatar wayarki tana cikin ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN, ba wanda aka rubuta WAN ba, sannan a wurin da kika rubuta ipconfig, wato Command Prompt, ki rubuta ipconfig /release, ki bi shi da ipconfig /renew. Idan lambar ba ta sauya ba, kuma sauran kwamfutocin ofis ɗin ma haka suke, to sashen raba adireshi na rautar, wato DHCP, shi za a duba.