Me ya sa kuɗin gem ɗin ya tsaya a 2,147,483,647?

TAMBAYA: Salam Malam, gyaran waya nake a Farm Centre nan Kano, wani yaro ya kawo min waya wai kuɗin da yake tarawa a gem, wato wasan waya, sun kai 2,147,483,647 sun ƙi gaba, na duba wayar lafiyarta kalau. Lambar nan tana da wani sirri ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, wallahi naji daɗin tambayar nan. Wayar ba ta da laifi, ma'ajin lambar ne ya cika. Manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, ko wane gurbi 0 ne ko 1, sai a ware guda ɗaya don nuna riba ce ko bashi, saura 31. To ka ninka 2 da kanta har sau 31, zai baka 2,147,483,648, ka cire 1 tunda daga sifili ake fara ƙirga, ga lambar yaron nan ta fito. Kamar mudu ne da aka cika shi maƙil a Dawanau, ko ƙwaya ɗaya ka ƙara zubewa zata yi.

Amma ni abinda yafi burge ni shine ita kanta lambar. Mara ce ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare, don haka 2 da 5 basa raba ta, in ka haɗa alƙalumanta kuma 46 zaka samu, tunda 3 bata raba 46 ba saura kaga 3 ma ta fita. Kuma haka zakai ta gwadawa babu wadda zata raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su ake cewa firam. A cikin firam ɗin ma tana gidan Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa, wato waɗanda ake samu in an yi ta ninka 2 da kanta sannan an cire 1, kamar 3, 7, 31, 127. Kar ka ɗauka kullum dabarar tana ci fa, in ka ninka 2 da kanta har sau 11 ka cire 1 zaka samu 2,047, wannan kuwa 23 sau 89 ne.

Wanda ya tabbatar 2,147,483,647 firam ce shine Leonhard Euler a 1772, ba kwamfuta ba kalkuleta, lokacin ma idonsa ya tafi. Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba, a 46,340 ake tsayawa domin in ka ninka 46,341 da kanta ta zarce lambar, don haka in lambar tana rabuwa dole ɗaya daga masu raba ta bata wuce 46,340 ba, sannan duk mai raba wannan lambar sai ta zama ninkin 62 da ƙarin 1, kaga aikin ya ragu sosai.

Sai abu ɗaya da ya shafi sana'arka, na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970 a gurbi 32 zasu ci karo da lambar nan ranar 19 ga Janairu 2038, agogonsu ya rikice. Masu gurbi 64 babu ruwansu. Ka miƙa wa yaron wayarsa, kar ka karɓi kuɗin gyara.