Wane ƙamusin kanji ya dace da mai fara koyon Japananci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama hiragana da katakana, wato haruffan sauti na Japananci, ina shirin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT. Kanji ne, wato haruffan da Japanawa suka aro daga rubutun Sin, ya tsaya min a wuya. Wani ya ce in sayi ƙamusin New Nelson tunda ya fi sauran girma. Wani kuma a WhatsApp yana sayar da jerin kanji 2,000, kowanne da ma'anarsa guda, wai in haddace cikin wata biyu. Kuɗina ba su da yawa, ina tsoron in zubar da su a banza. Wanne zan saya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A yanzu kada ki sayi ko ɗaya daga cikinsu.

Nelson littafi ne mai daraja. Andrew Nelson ya fitar da shi a 1962, John Haig ya sabunta shi a 1997, haruffansa kimanin 7,000. Amma masu fassara da masu dogon nazari ne ke cin moriyarsa. Jerin kanjin yau da kullum da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 guda 2,136 ne kacal. Yaron Japan kansa shekara shida yake yi a firamare kafin ya kammala 1,026, kuma da 80 yake farawa a aji ɗaya.

Idan na takarda kike so, ki nemi Kodansha Kanji Learner's Dictionary na Jack Halpern, bugun 2013. Abin da ya sa nake tura ɗalibai gare shi shi ne hanyar neman harafi. Tsofaffin ƙamusai suna bin tushe 214, wato ɓangarorin harafi da ake kasa kanji a ƙarƙashinsu, kamar yadda ake neman kalmar Larabci ta asalinta, in ba ki gane tushen ba sai ki yini kina juya shafi. Halpern ya kawo tsarin SKIP: ki dubi fasalin harafin, hagu da dama ne, sama da ƙasa, kewayayye ko dunƙulalle, sai ki ƙirga layukan kowane ɓangare. Harafin 明 hagu da dama ne, wato fasali na 1, layi huɗu nan huɗu can, lambarsa 1-4-4. Shi ke nan kin same shi.

Yanzu bari mu zo kan mai jerin WhatsApp, don shi ne ya fi ɓata min rai. Kullum sai na haɗu da ɗalibin da irin wannan jeri ya cuta. Zai ce miki ya san kanji ɗari biyar, ki miƙa masa jimla guda ta littafin yara, sai ya yi tsuru-tsuru. Dalili kuwa an koya masa cewa harafi ɗaya ma'ana ɗaya, karatu ɗaya. Ƙarya ce. Ɗauki 生. A cikin 先生, malami, sei ake karanta shi. A cikin 一生, tsawon rayuwa, ya koma shō. A 生まれる, haihuwa, u ne. In ya tsaya shi kaɗai da ma'anar ɗanye, nama ake cewa. To wanne mai jerin zai rubuta miki a gefensa? Ko 日曜日, Lahadi: harafin 日 ya fito sau biyu a kalma ɗaya, na farko nichi, na ƙarshe bi. A 今日 kuma, wato yau, kalmar gaba ɗaya kyō ce, ba ta rabuwa. Babu haddar harafi tsirara da za ta gaya miki wannan.

Mu mutanen hadda ne, Allah ya hore mana wannan baiwa, masu sayar da jerin nan kuma sun sani, da ita suke kama mu. Ɗalibi ya kwana yana bita, ya ga lamba tana hawa, ransa ya yi fari, alhali bai iya karanta allon tashar jirgi ba. Daga baya sai ya ce Japananci ya fi ƙarfinsa, ya watsar. Wannan shi ne abin da ke min ciwo, don yaran masu ƙoƙari ne, hanya aka ɓatar musu. Kuma abin da ake sayar musu ɗin, kyauta yake a intanet.

Saboda haka duk ƙamusin da za ki saya, ki buɗe shi a kan 生 tukuna. Ya kawo on'yomi da kun'yomi, wato karatun da aka aro daga Sinanci da karatun asalin Japananci? Ya jero kalmomin da harafin ke shiga, kowace da karatunta? Ya nuna yadda ake jan layukan bi da bi? In ɗaya ya ɓace, ki mayar wa mai shi.

Kafin kuɗin Kodansha su taru, ki yi amfani da Jisho.org, wanda aka gina kan bayanan da Jim Breen na Jami'ar Monash a Ostireliya ya fara tattarawa. Kyauta ne, kuma za ki iya zana harafin da yatsa a waya ya nemo miki. Duk kanjin da kika ci karo da shi a darasi, ki rubuta shi a littafinki tare da kalmomi biyu ko uku da yake ciki, su za ki haddace. Allah ya ba da sa'a a jarrabawar.