Tambaya Da Amsa: Me Ya Sa Ƙarfena Yake Fitowa Kamar Roba?

Tambaya: Malam, na ƙera tebur na katako mai ƙafafun ƙarfe a manhajar Blender ta zanen 3D, na zaɓi launuka masu kyau, amma duk sanda kwamfuta ta fitar da hoton sai ya fito tamkar kayan wasan yara na roba. A ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, laifin ba na launi ba ne, domin ido yana gane abu ta yadda haske ke dawowa daga jikinsa. Tsarin da kake amfani da shi, wato Principled BSDF, mai tsara yadda haske ke dawowa daga fuskar abu, ya shigo Blender a shekarar 2017, an kuwa gina shi a kan tsarin da kamfanin Disney ya gabatar a 2012, kuma ma'auni biyu ne ke da nauyi a cikinsa: na ƙarfe da na kaushi.

Ma'aunin ƙarfe daga 0 ne zuwa 1, amma ba ya son tsaka-tsaki. Ƙafafun teburin ka ba su 1, katakon ka ba shi 0. Abin da ba ƙarfe ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari ne kawai na hasken da ya faɗo masa kai tsaye a matsayin ƙyalli, shi kuwa ƙarfe yana mayar da mafi yawansa, har ya rina shi da launinsa, kamar yadda zinariya da tagulla ke yi.

Inda nake zargin ka fi tuntuɓe shi ne kaushi. Idan ka saka lamba ɗaya ga dukan fuskar teburin, ƙyallinsa zai zama bai ɗaya, abin da ba a gani sai a kan roba sabuwa fil. Dubi teburin da ke gabanka ta gefe, daidai inda hasken taga ke kwanciya a kansa: za ka ga shatin kofi, da sawun yatsu, da inda gwiwar hannu ta goge shi har ya yi sumul. Wannan bambancin ake sakawa da hoton baƙi da fari, amma ka tabbata ka sanar da manhajar cewa ba hoton launi ba ne, in ba haka ba za ta karkatar da lambobin.

Sannan ka ɗan dakushe gefunan teburin, ko da milimita ɗaya ne, domin gefe mai kaifin reza ba ya kama haske. Ƙarfe kuwa madubi ne, sai ka kewaye shi da hoton muhalli da zai nuna, don a cikin fili wayam baƙi ƙirin zai fito.