Me ya sa ba mu sa masa filtar da ta fi kowace ƙarfi ba?

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa, da mutumin nan ya ce a tace masa iskar gidansa gaba ɗaya saboda 'yarsa mai asma, ban ɗauko filtar HEPA, wato matatar iska mai kama ƙananan ƙwayoyin ƙura, na zura masa a injin sanyaya gidan ba, alhali ka karanta cewa ita ce ta fi kowace kama ƙura. Abin da ka karanta gaskiya ne. Filtar HEPA tana tare aƙalla kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3, ga shi kuwa kaurin silin gashin mutum ɗaya ya kai wajen maikron 70. Ba ni da ja a kan ingancinta. Abin da ba a rubuta maka a jikin kwali ba shi ne wahalar da fanka za ta sha kafin ta tura iska ta cikinta.

Ka tuna yadda injin gidan yake. Fanka ɗaya ce take zuƙo iska daga ɗakuna ta bututun dawowa, ta bi da ita ta filta, ta wuce ta kan koyil mai sanyi, wato naɗaɗɗen bututun da gas ɗin sanyi yake bi ta cikinsa, sannan ta raba ta ɗaki-ɗaki. Yawancin fankokin gida an ƙera su ne su yi aiki da matsin iskar da bai wuce wanda zai ɗaga ruwa rabin inci a cikin tiyo ba, wato kusan faskal 125 a ma'aunin matsi. Wannan ɗan kason shi ne bututu zai ci, lanƙwasa ta ci, ragar bakin ɗaki ta ci, filta ma ta ci. To HEPA ita kaɗai tana iya lamushe shi duka har ta nemi ƙari. Kamar ka ninka tsumma gida huɗu ne ka ɗaure wa mutum a hanci, sannan ka ce ya yi gudu.

Idan iska ta ragu, matsala ba a filta take tsayawa ba. Na'urar sanyi tana bukatar iska wajen kubik fit 400 a minti ɗaya a kan kowane tan na ƙarfinta (tan shi ne ma'aunin ƙarfin sanyayawa). In ba ta samu ba, koyil zai yi sanyi fiye da kima, raɓar da ke kansa ta daskare, ƙanƙara ta toshe sauran hanyar da ta rage. Daga nan gas ɗin sanyi zai iya komawa kwampreso, wato injin da ke matsa gas ɗin, yana ruwa-ruwa, kuma kwampreso ba a yi shi don matsa ruwa ba. A gidan da ake ɗumama ɗaki da murhun gas kuwa, zafi ne zai taru a cikin inji ya riƙa kashe kansa da kansa. Sababbin fankoki masu moto mai daidaita gudu ba sa yarda iska ta ragu da sauƙi, sai su ƙara gudu, su ƙara ƙara, su ƙara shan wuta, su mutu tun kwanansu bai kai ba. Ɗakin da ya fi nisa da inji shi ne zai fara rasa iska, kuma sau da yawa ɗakin yara ne. Ka ga garin neman gira an rasa ido ke nan.

Shi ya sa kafin in ambaci sunan kowace filta nake fara ɗauko manomita, wato na'urar auna matsin iska mai tiyo biyu. Ka lura da yadda ake yi, domin nan gaba kai za ka riƙa yi. Za ka huda ƙaramin rami a jikin bututu daf da filta ta ɓangaren da iska take shigowa, ka huda wani a bayanta, kana kula kada bakin dirilinka ya taɓa waya ko koyil. Ka zura bakin tiyo ɗaya a nan, ɗaya a can, ka kunna fanka a gudunta mafi girma, ka jira lambar ta daina rawa. Abin da ka gani shi ne abin da filtar take ci. Sai ka sake aunawa a mashiga da mafitar injin gaba ɗaya, ka gwada da lambar da kamfani ya buga a farantin da ke jikinsa. Bambancin da ke tsakani shi ne iyakar matsin da ya rage maka na ƙara wa filta. In ka gama ka toshe ramukan, ka rubuta lambobin da kwanan wata a jikin akwatin filtar da alƙalamin maka. Gani ya kori ji, kuma duk wanda ya zo bayanka zai yi maka addu'a.

Yanzu batun zaɓi. Filtocin gida suna da ma'auni da ake kira MERV, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta fitar a ƙa'idarta mai lamba 52.2 a shekarar 1999, daga 1 zuwa 16. Masu lamba 1 zuwa 4, waɗannan sirara da kake hango hannunka ta cikinsu, inji suke karewa, huhun mutum ba ruwansu da shi. Mai lamba 8 tana kama ƙurar gida da garin furanni. Wadda nake nema wa gida irin wannan ita ce mai lamba 13, domin tana tare aƙalla rabin ƙwayoyin da ke tsakanin maikron 0.3 da 1, inda hayaƙi yake, kuma irin waɗannan ne suke nutsewa can ƙasan huhu. Rabi a wucewa ɗaya kada ka raina shi, tunda iskar gida zagayawa take yi ta dawo ta sake bi.

Sirrin yana wajen kauri. MERV 13 mai kaurin inci ɗaya takan shaƙe ƙaramin inji, musamman in ta fara datti. Amma ka kafa akwati mai ɗaukar filta mai kaurin inci 4 ko 5. Wata rana ka yaga tsohuwa ka warware ninkin takardarta a ƙasa, za ka ga faɗinta ya ninka na siririyar sau da yawa. Faɗin nan ne yake sa iska ta ratsa a hankali ba tare da kokawa ba, kuma ta daɗe ba ta cika ba. Aikin kafa akwatin ya fi wuya, sai ka yanka bututu ka gyara mahaɗa, shi ya sa malalata suke gudunsa.

Akwai abin da yake ɓata mini rai fiye da komai a wannan sana'a: filta mai kyau a cikin gurbin da bai kama ta ba. Iska ba ta son wahala, duk inda ta ga kafa nan za ta bi. Ka zaro filta ka haska tocila a gefen gurbin. In ka ga baƙin layi na ƙura a bakin ƙarfen, ko ƙura ta kwanta a fuka-fukan fanka, to iska tana zagaye filtar ne. Ka liƙa roba a gefe, ka tabbata murfin yana rufuwa ruf, ka shafe duk mahaɗar bututun dawowa da mastik, wato manne mai toshe kafa, musamman tsakanin filta da fanka. Kibiyar da ke jikin filta kuma fanka take kallo.

Sannan ka gaya wa mai gidan cewa filta ba ta tace komai in fanka tana kashe. Ya riƙa barin ta tana juyawa a ƙaramin gudu ko da sanyi bai kama ba. Sai dai a lokacin laima a yi hattara, domin fanka mai gudu ba tsayawa takan kwashe ruwan da ke kan koyil ta mayar cikin gida. Laimar gida kada ta haura kashi 60, in ba haka ba fumfuna za ta samu wurin zama, ita kuma ba filta ce maganinta ba.

In lallai ana bukatar HEPA, tana da hanyarta. Akwai wadda take zuwa da fankarta, ta ɗebi wani ɓangare na iskar bututu ta tace ta mayar. Ko kuma a sayi ta ɗaki a ajiye inda yarinyar take kwana, a rufe ƙofa. Wannan na biyun shi na ba mahaifinta shawara, ƙari a kan MERV 13. Kuma kada bakinka ya taɓa yi wa iyaye alkawarin warkewa. Mu ƙura muke ragewa, magani na likita ne.

Wari da tururin fenti ko na sinadaran wanki ba ƙura ba ne, takarda ba ta kama su, sai gawayin tacewa, shi ma mai nauyi, ba ɗan baƙin shafe da ake yi wa filta ba. Iskar kabon dayokzaid da muke fitarwa da numfashi, da kabon monokzaid mai kisa ba wari ba launi, babu filtar gida da take cire su. Wannan sai an shigo da sabuwar iska daga waje, an fitar da hayaƙin kicin waje ta bututunsa, an kuma sa ƙararrawar gargaɗi a duk gidan da ake ƙona gas.

Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, tana da amfani in ka haska ta a kan koyil don hana fumfuna tsirowa, amma iskar da ke wucewa da gudu ba ta daɗewa a gabanta har ta yi wani abin kirki. Ka duba tsawon zangon haskenta: mai nanomita 254 ake so, mai 185 tana haifar da iskar gas da ake kira ozon. Duk na'urar da aka ce tana sakin ozon don tsabtace iska, ni ba na kafa ta a gidan da mutane ke kwana ko nawa za a biya, domin ozon yana ƙona hanyar numfashi, kuma mai asma ya fi kowa jin jiki. In za ka sa na'ura mai aiki da lantarki, ka nemi shaidar UL 2998 a jikinta, wadda ke nuna an gwada ta ba ta sakin ozon.

Canjin filta kuma ba da ido kaɗai ake yanke shi ba. Ka auna, ka gwada da lambar da ka rubuta ranar da take sabuwa. In ta kai ninki biyu, lokaci ya yi. Ka kashe inji kafin ka zaro ta, ka zura ta a leda tun a bakin akwatin ka ɗaure, kada ka ratsa falon mutane da ita a buɗe.