Tambaye shi da wa yake sauraron rediyon

Ƙanina, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai gari ya waye in amsa a natse. Ka ce dattijon da kuke aiki tare a Milwaukee ya zauna yana share hawaye saboda mutuwar Bob Uecker, mai sharhin wasan besbol a rediyo, alhali ko hannu bai taɓa yi da shi ba, kai kuma ka rasa abin da za ka ce masa. Na ga wasu sun amsa maka cewa rashin abin yi ne irin na Turawa. To, ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma na yi irin wannan kukan a Agustan 2022, ranar da aka ce Vin Scully, mai sharhin wasannin ƙungiyar besbol ta Dodgers da ke Los Angeles, ya mutu.

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya kwashe mu zuwa Los Angeles, a 1981, zai yi karatu. Shekarar ce wani yaro ɗan Mekziko, Fernando Valenzuela, ya rikita garin da jifansa, Dodgers kuma suka ci kofi a hannun Yankees. Maƙwabcinmu ɗan Mekziko yakan ƙure rediyonsa yana jin Jaime Jarrín da Sifaniyanci, mu kuma Baba ya kamo tashar Turanci. Baba mutumin rediyo ne tun a gida, wanda ba ya kwanciya sai ya ji BBC. Da ya rasa Hausa a akwatin, sai ya maƙale wa muryar Scully, yana cewa mutumin ba ya cinye harafi, da shi zai gyara kunnensa. Dokokin wasan ma bai sani ba a lokacin. Bayan magariba zai baje takardunsa a teburin cin abinci, ni ina ƙasa kan darduma da aikin makaranta, Inna tana faɗan a rage ƙarar, Scully kuma yana ta zuba. Haka muka yi shekara takwas.

Sai ka san yanayin wasan kafin ka gane kukan abokin aikinka. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, sau ɗaya ko biyu a mako ake yi, mai sharhi yana ihu minti casa'in, a tashi. Besbol kuwa kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka guda, kusan kullum, daga bazara har kaka ta shigo. Ga shi wasa ne mai jan ƙafa, tsakanin jifa da jifa akwai fili, kuma a wannan filin mai sharhi yake hira da kai. Scully yakan ɗauko labarin garin da ɗan wasa ya fito, ko wani abin da ya faru shekara talatin baya, ya ajiye ya faɗi sakamakon jifa, ya koma kan labarinsa bai ɓata zaren ba, kamar kaka tana tatsuniya tana juya tuwo. Yawanci shi kaɗai yake zama, babu abokin hira a gefe, don haka kai ne abokin hirar. Ya fara a 1950, tun Dodgers suna Brooklyn, ya bi su Los Angeles a 1958, bai ajiye ba sai 2 ga Oktoba 2016 a San Francisco. Shekara 67. Wane limami ko malamin makaranta ka sani da ya yi maka magana awa uku kusan kowane dare na rabin shekara, tun kana rarrafe har ka yi furfura?

Tsofaffin garin suna ba da labarin cewa farkon zuwan ƙungiyar, a filin Coliseum ake wasa, kujerun sun yi nisa, mutane suka riƙa zuwa da ƙananan rediyo suna karawa a kunne don Scully ya gaya musu abin da idonsu yake kallo. Ni abin da ya fi kama ni a aikinsa shi ne shirunsa. A Oktoban 1988, da Kirk Gibson, ɗan wasan Dodgers, ya fito yana ɗingishi ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga a wasan farko na ƙarshen gasa da Oakland, a talabijin muka gani, Scully ne a kai. Ya faɗi ta tafi, sai ya ja bakinsa ya tsuke fiye da minti guda, ya bar mu da rurin jama'a. Baba ya juyo ya ce da ni, ka ga mai hankali, ya san inda magana take ƙarewa. Ban manta ba har yau, don Baba ba mai yawan yabon mutum ba ne.

Mun koma gida a 1989. Daga baya Allah ya yi wa Baba rasuwa a Zariya ina nan Amurka, na dawo aiki. Aka yi jana'iza babu ni, kwana uku sai a waya na karɓi gaisuwa, kuma wallahi idona bai kawo ruwa ba, har ina tuhumar zuciyata. Shekaru suka wuce. Ranar 2 ga Agusta 2022 da dare aka sanar Scully ya mutu yana da shekara 94. Washegari ina tuƙi zuwa aiki tashar ta sako tsohuwar muryarsa, sai na ji ƙamshin shayin Baba, na ga teburin nan da takardu. Na gangara gefen hanya na yi kukan da ban yi ba tun wancan lokacin. Tsoho ɗan 94 ya ci zamaninsa, wannan na sani sarai. Amma muddin yana raye, akwai wani abu na falon nan da bai rushe ba.

Shi ma Uecker haka yake ga mutanen Wisconsin, wataƙila ma ya fi, don ɗan garin Milwaukee ne. Ya buga wasan da kansa, bai yi wani fice ba, ya mai da rashin ficen abin barkwanci yana yi wa kansa ba'a. Tun 1971 yake kan rediyon Brewers, ƙungiyar garin, har Allah ya ɗauki ransa a Janairun 2025 yana da shekara 90. Idan dattijon nan ya haura sittin, lissafa ka ga tun yana ɗan yaro yake jin muryar, a motar ubansa ko a barandar kakarsa.

Don haka kada ka tsaya neman wata doguwar magana. Kada kuma ka ce masa ai tsoho ne, ya sani. Ka ce ka ji labari, ka yi masa sannu kamar yadda za ka yi wa kowa a gida. Sannan ka tambaye shi da wa yake sauraron wasan yana yaro, ka ja kujera, don amsar za ta yi tsawo. Ni wata mata ce a wurin aikinmu ta yi mini wannan tambayar, sai da shayinmu ya huce ina ba ta labarin Baba da takardunsa. In kuma ya nuna ba ya son magana, ƙyale shi, gobe ka sake gaishe shi.